Arba'in Ɗin Sabuwa

Sabuwa na zaune a tsakar gidansu na gado da ke Ƙofar Durɓi, tana shan kunun kanwa, jaririyarta Ummi na barci a kan cinyarta. Haihuwar fari ce, shi ya sa aka kawo ta gida wankan jego, kuma wankan ya karɓe ta. Ta yi ɓul-ɓul, ta yi fes, har maƙwabta na tsokanarta wai ƙofar ɗakin mijinta ba za ta ɗauke ta ba. Sai dai arba'in ta wuce tuni, ba wanda ya tayar da maganar mayar da ita.

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Habibu ne, mijinta, ɗan acaɓa, ya ɗauro itacen wanka kamar kullum.

"Inna, ga shi nan ya zo," Sabuwa ta ce ƙasa-ƙasa.

"Shi zo mana!" in ji mahaifiyarta, Inna Baraka. "Shi aje itacen shi ƙara gaba. Ɗiyata ba ta komawa gidan wanda bai san darajar dangi ba!"

Siyasa ce ta haddasa wannan. Soja sun ce za su miƙa mulki, gari ya cika da fosta, Kawu Babaji ƙanen Inna ya fito takarar kansila. Ya keɓe Habibu ya ce akwai akwatin da za a cika da ƙuri'u, yana so ranar zaɓe ya bi lungu da shi a mashin a musanya da na gaskiya. Sirri irin wannan, a cewarsa, sai suruki. Habibu ya durƙusa ya ce zai yi jigilar mutanen Kawu zuwa rumfar zaɓe kyauta har rana ta faɗi, amma akwati kam a yi masa afuwa. Tun ranar Inna ta kafe.

Sabuwa ta yafa mayafi ta same shi a zaure. Suka gaisa, ya karɓi Ummi yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Ya gida?" ta tambaya.

"Gida ba daɗi, Maman Ummi. Tukunyarki har gizo-gizo ya yi mata saƙa."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma hawaye. "Don Allah da ka yi masu sau ɗaya tak! Ni hwa na gaji, ɗakina nike so."

"Sori, Sabuwa," ya ce yana share mata ido. "Da mashin ɗin nan nike ciyar da ke, ke kuma ki shayar da Ummi. In ɗora mashi haram? Allah Ya yi alkawarin mafita ga wanda ya ji tsoronSa, kuma ba Ya saɓawa. Ki bi Inna sau da ƙafa, kar ki ɗaga mata murya saboda ni."

Maganar ta shige ta, son mijinta ya ƙaru a ranta. Ta koma ciki ta ci gaba da yi wa Inna hidima da fara'a, in ta idar da salla ta kai kukanta inda ake share hawaye.

Inna kuwa, Allah Ya jiƙan sirri in ya shiga bakinta! Ba bikin da za ta je, ba sunan da za ta leƙa, sai ta kwance: "Ku ji mani ɗan ƙauye! Akwati guda aka ce shi ɗauko, ya ce wai haramun!" Kafin zaɓe magana ta zagaye unguwa. Kawu ya ji, ya dafe kai, dole ya watsar da shirin.

Aka yi zaɓe, Kawu ya ci da ƙyar, amma da guminsa. Washegari da hantsi sai ga samarin ɗaya jam'iyyar sun cika ƙofar gidan gadon, inda Kawu ma yake zaune, riƙe da gorori, suna ihun an musanya akwati, sai sun banka wa gidan wuta. Sabuwa ta ƙanƙame Ummi.

Ana haka mashin ya tsaya, ɗauke da itace. Habibu ya sauko ya tare ƙofar zaure.

Lado, jagoran samarin, ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Habibu, kowa ya ji an sa ka ka ƙiya, har an riƙe maka mata. Kai kaɗai za mu yarda da bakinka. An musanya ko ba a musanya ba?"

"Ina rumfa tun safe har aka gama ƙirga," in ji Habibu, "na kuma bi akwatin a baya har inda aka miƙa shi. Wallahi ba a taɓa shi ba."

Lado ya dube shi, ya sauke gorarsa. Samari suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya fito, ya kama hannun Habibu yana ta yi masa godiya. Inna ta wuni ba ta yi magana ba, abin da ba a taɓa gani ba a Ƙofar Durɓi. Da yamma sai ga ta ta ɗora tukunyar alkaki, ta aika a auno shinkafar gara.

"Sabuwa," ta ce ba ta ɗago ba, "ki haɗa kayanki. Ki kuma gaya ma mijinki gobe ba sai ya kawo itace ba."

Sabuwa ta yi sujada a nan tsakar gida, tana kuka tana murmushi.

'Yan'uwa, wanda ya tsaya a kan abin da Allah Ya ce, ko an jinkirta masa ba a manta da shi ba. Gaskiyar da aka raba Habibu da iyalinsa saboda ita, ita ce ta tsare gidan surukansa, ita ce kuma ta mayar masa da matarsa da 'yarsa har cikin ɗaki.