Hanyar Mudi

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Nafi'u, kife wayar nan, labarin ma a kanta yake. Wanda ya san ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba anjima, ya tashi tun yanzu.

An yi wani direba, Ɗalha sunansa. Ƙanƙara yake ɗauka a wata tsohuwar a-kori-kura, daga Kano zuwa ƙauyukan da ba su da wutar lantarki. Su biyu ne a wajen maigidansu, Alhaji Sammani, shi da abokinsa Mudi. Tare suka tashi, tare suka koyi mota. Amma Ɗalha ba ya ƙaunar ya ji an yabi Mudi. In Mudi ya ɗinka sabuwar riga, ranar Ɗalha ba ya jin daɗin abinci. Hassada ce tsagwaronta, kuma shi ma ya san da ita a ransa.

Sana'ar ƙanƙara kuwa tsere ce da rana. Kana tafiya kayanka na zuba a titi. Kasuwar Ɗinya ita ce mafi nisa a wuraren da suke kai kaya, kafin ka isa rabin lodin ya zama ruwa.

Kwatsam sai Mudi ya fara isa Ɗinya da ƙanƙararsa cif, ko gefe ba ta zagwanye ba. Ya sauke, ya dawo gari tun kafin la'asar. Alhaji ya tara su a bakin shago ya ce, "Na sayi sabuwar mota, tana hanya. Wanda ya fi kai min kaya lafiya, shi zai riƙe mabuɗin."

Kowa ya juya ya kalli Mudi. Ɗalha ya yi murmushin yaƙe a cikin mutane.

Da suka keɓe da Mudi ya ce, "Mutumina, ta ina kake bi ne?"

Mudi ya ce, "Wallahi wayata ce ta rikice a Kwanar Gawo. Na kashe ta. Na ga wani tsoho zaune, na sauka na gaishe shi, na tambaye shi hanya. Ya nuna min."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai ya ce kada in riƙa shigo masa da waya a kunne."

Ɗalha ya ce a ransa, ƙarya yake yi, ɓoye min yake. Wane tsoho? Sai ya bari Mudi ya tafi alwala ya bar wayarsa a kan benci. Ya buɗe taswira, ya duba inda Mudi ya bi. Ga layin tafiyarsa nan, ya yanke a Kwanar Gawo, ya sake ɓullowa a bakin kasuwar Ɗinya. Tsakani babu komai, fili ne fetal. Ɗalha ya sa alama a wuraren biyu a tasa wayar, ya mayar da ta Mudi inda take.

Washegari ya yi lodi ya tafi. Bai ɗauki kowa ba, don kada labari ya koma kunnen Mudi.

Ya isa Kwanar Gawo rana na tsaka. Kun dai san abin da manya ke faɗa a kan tsakar rana, ba lokacin shiga daji ba ne, masu wurin suna fitowa shan iska. Ɗalha bai ko tuna ba. Ya maƙale wayar a gaban sitiyari, matar nan ta ciki mai Turanci ta hanci ta ce ya yi dama. Ya sauka daga kwalta ya kama burji.

Bai yi nisa ba ya wuce wani tsoho a gindin gawo, zaune a kan buzu, ya rufe ƙafafunsa da mayafi. Tsohon ya ɗago kai. Ɗalha bai rage gudu ba, bai ɗaga hannu ba, ya bule shi da ƙura ya wuce.

Nan take shuɗin layin da ke kan wayar ya ɓace. Wani ɗan zobe ya fara juyi. Matar ta ce tana sake lissafin hanya.

Sabon layi ya fito. Ta ce ya yi hagu. Ya yi hagu. Layin ya sake ɓacewa, ta sake lissafi, ta ce ya juya baya.

Ɗalha ya ja tsaki ya taka birki. Ai shi ba baƙon waya ba ne. Ya duba sabis, sandunan a cike. Ya kashe data ya kunna. Ya kashe lokeshan ya kunna. Ya ɗaga wayar sama ya yi ta wulwula ta, kamar yadda ake yi in kibiyar taswira ta rasa gabas. Kibiyar ta tsaya, ta kalli bayansa. Ya gyara zama ya juya wayar, ta sake kallon bayansa.

Ya rufe manhajar ya buɗe. Ya share tarkacen da ta tara. Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya cire sim ya goge a rigarsa, ya mayar. Da ta kawo wuta, ɗigon da ke nuna inda yake yana tafiya a hankali, alhali motar a tsaye take.

Ya ce, "Zafi ne ya taɓa ta." Da ƙarfi ya faɗa, don ya ji muryar mutum.

Ya ja mota. Ya bi duk abin da ta ce, dama, hagu, dama. Yana tuƙi yana hango Mudi a sabuwar mota, yana hango yadda Alhaji zai miƙa masa mabuɗi a gaban mutane, sai ya ƙara taka totur. Can sai ga gawo a gabansa. Ga buzu. Ga tsoho. Ga sawun tayarsa na ɗazu a kan burji.

Ya sake wucewa. Amma wannan karon da ya leƙa madubi, bai ga kowa a gindin bishiyar ba.

A nan ya lura da shirun. Duk mai ɗaukar ƙanƙara ya saba da ƙarar ɗigar ruwa a bayan mota, ɗis, ɗis, har ba ya jin ta. To ta daina. Rana tana dukan rufin mota, amma sanyi ne ke shigowa ta bayan wuyansa. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye.

Matar ta ce tana sake lissafin hanya. Ta ƙara faɗa. Ta ƙara. Sannan ta juya zuwa Hausa, a hankali:

"Ɗalha. Ka iso."

Mota ta mutu da kanta. A gindin gawon ta mutu.

Tsohon yana nan a kan buzunsa. Ya yafito shi da hannu. Ɗalha ya sauko, wayar a hannunsa ya manta bai ajiye ba. Ya durƙusa.

"Sannu, Baba."

Bakin tsohon ya motsa, amma maganar daga wayar ta fito, da muryar matar nan. "Sai yanzu ka ganni?"

"A yi haƙuri, Baba. Sauri nake."

"Kowa sauri yake." Tsohon ya kalli wayar, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya ƙwace masa gona. "Tun fatake na wucewa da jakuna nake zaune a nan. Ba mai ƙetare dajin nan sai ya tsaya ya gaishe ni, ya ce Baba ina hanya. Yanzu kun samu wannan. Ita kuke tambaya, ita kuke yi wa biyayya. Ni kuna bule ni da ƙura."

Ya miƙe tsaye. Mayafin ya zame. Ɗalha ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai idonsa ya sauka a kan ƙafafun. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.



"Abokinka ya kashe ta kafin ya yi min magana," in ji tsohon. "Kai ka shigo min da ita har gabana. To ba komai, tunda ka durƙusa zan nuna maka. Ina za ka?"

Abin da ya kamata ya ce bai fi kalma biyu ba, Kasuwar Ɗinya. Amma abin da ya cika zuciya shi ke riga fitowa. Ɗalha ya ce, "Hanyar da ka nuna wa Mudi nake so."

"Ban tambaye ka Mudi ba. Kai, ina za ka?"

"Ina so in riga shi isa."

"Isa ina?"

Ɗalha ya buɗe baki. Ya lalubi sunan kasuwar, babu. Ya lalubi sunan unguwarsu, babu. Duk inda ya taɓa a kansa, Mudi yake tararwa, rigar Mudi, dariyar Mudi, mabuɗi a hannun Mudi.

Tsohon ya jinjina kai. "Na gane. Ba ka da wurin zuwa naka. Ni kuwa ba na mayar da mai tambaya hannu wofi." Ya nuna wata 'yar siririyar hanya da ba ta nan ɗazu. "Bi nan. Kada ka waiwaya."

Ɗalha bai san yadda ya shiga mota ba. Ta tashi da bugu ɗaya. Ya bi hanyar, idonsa a gaba, bayan wuyansa na sanyi. Bishiyoyi suka yi ta wucewa. Sai ya ji ƙarar babur, sai ya ji kiran sallah, sai ga kwalta, ga kwata, ga mai shayi yana jera kofuna. Ya taka birki yana haki.

Ba Ɗinya ba ce. Kano ce, ƙofar gidan Mudi. Yana kashe mota ƙanƙarar ta saki gaba ɗaya, ruwa ya malale layin har cikin zauren mutane.

Mudi ya fito da buta a hannu. Ya kalli ruwan, ya kalli abokinsa. Ya ce, "Ɗalha, da waya ka shiga?"

Ɗalha ya zura wayar a aljihu.

Da farko ya ɗauka wayar ce ta lalace. Ya kai wa mai gyara, aka wanke ta tas, aka sake zuba komai. Ya rubuta sunan unguwarsu, ta yi lissafi, ta ja layi zuwa inda Mudi yake. Ya sayar da ita ya sayi wata, haka. Ya ari ta maƙwabcinsa, a hannun mai ita lafiya lau, a hannun Ɗalha sai Mudi. Ya ce to ya haƙura da waya, ai ya san gari. Ya fita da ƙafa zai je gaida mahaifiyarsa, hanyar da ya bi tun yana yaro. Ya karya kwana sau biyu ko uku, sai ga shi tsaye a bayan Mudi a wajen mai aski.

An yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi wajen malamai. Ba abin da ya canza. Direban da ba ya iya kai kansa ko'ina, wa zai ba shi kaya? Alhaji ya karɓe tsohuwar motar ma.

Sabuwar ta iso, fara ƙal, kujerunta da leda. Aka ba Mudi mabuɗi a gaban kowa. Mudi mutumin kirki ne, shi ya roƙi Alhaji a bar masa Ɗalha ya riƙa taya shi lodi da sauke kaya. Wannan kirkin ya fi komai ci wa Ɗalha rai.

Har yau suna tare. In kun je layin masu ƙanƙara da safe za ku gan shi a kujerar gefe, ya rame, yana kallon hannun Mudi a kan sitiyari. In sun je Kwanar Gawo Mudi ya kashe waya ya sauka gaisuwa, shi sai ya kife kansa a gwiwa har su wuce. Da yamma kuma, in an tashi aiki, ba ya iya komawa gida. Sai Mudi ya shiga gaba, shi yana binsa a baya, har ƙofar ɗakinsa. Mudi ya tsaya ya jira ya shiga, ya ce masa sai da safe. Ɗalha kuwa dole ya ce na gode.

Saboda haka, ko da wasa kada wani cikinku ya sauka Kwanar Gawo shi kaɗai. In kuwa tafiya ta kai ku wani daji, waya ta fara sake lissafi ba dalili, ku kashe ta, ku yi sallama ko ba ku ga kowa ba. Kuma tun kafin a tambaye ku, ku tabbata kun san inda za ku.

Ku tashi ku kwanta. Ke Saudatu, sakar min zani.