Ƙaramin Ƙarfen Izzuddeen

"Ka ajiye shi, Abban Zulfa... don girman Allah ka ajiye."

Abin da ya fito daga bakina ke nan da na tarar da mijina Izzuddeen a tsakar gida, riƙe da wani ɗan ƙarfe a hannun dama, yana ɗagawa a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Bai yi musu ba. Ya ajiye, ya zauna a bakin baranda.

A da, duk mai zuwa gidan ɗaga ƙarfe a Dutse ya san shi. Abin da samari biyu ke cicciɓa da ƙyar, shi kaɗai yake kai shi sama da kansa. Bara ne kafaɗarsa ta goce a ƙarƙashin nauyi, har aka yi masa aiki. Ranar da aka sallame mu, mahaifiyarsa Inna Kubura ta zo daga Aujara, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce ta ba ni amanarsa, kada in bar shi ya ƙara taɓa ƙarfe. Na ce mata to.

Tun daga nan ya zama wani mutum daban. Abinci sai na lallaɓa, riguna suka yi masa yawa, dariyar nan tasa da ake ji har zaure ta ɗauke.

Da na huce, ya yi mini bayani. Likitan gashin ƙashi ne ya ce kafaɗar ba za ta yi ƙwari ba sai ya koma ɗaga ƙarfe, amma daga ƙasa, da abin da ko yaro zai iya ɗauka.

"Ba suna nake nema ba, Ruwaida," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Hannuna nake so ya dawo. Amma in kin ce a'a, na haƙura. Ba zan sa ki ci amanar Inna ba, masoyiyata."

Da ya yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na goya Zulfa na shiga motar Aujara. Na tarar da Inna tana sheƙar gero. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta ce ita ba ta yarda da maganar baki, sai ta gani da idonta.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi gidan ɗaga ƙarfen mu uku. Ni da Inna muka tsaya a bakin ƙofa. Izzuddeen yana shiga samari suka yo kansa suna "Oga ya dawo", har wani ya fara jera masa manyan ƙarafa irin na da. Ya yi murmushi ya girgiza kai, ya wuce can lungu ya ɗauko mafi ƙanƙanta a wurin.

Wani sabon zuwa ya tuntsire da dariya, ya ce ai wannan na mata ne. Raina ya ɓaci, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Ya daidaita tsayuwa, ya ɗaga a natse, ya sauke a natse, kamar ba kowa a ɗakin. Da ya ji kafaɗar ta ɗan motsa, sai kawai ya ajiye, ya ce ya isa na yau.

Wallahi ko lokacin da ake yi masa tafi bai taɓa burge ni kamar ranar ba.

Inna ta goge ido da bakin mayafi.

"Yaron nan tun yana ƙarami ba a ce masa bari," ta ce da ni. "Yau ga shi ya ce wa kansa."

Da ya fito ya durƙusa a gabanta, ya ce ta yafe masa. Ta dafa kafaɗar mai ciwon, ta daɗe tana tofa addu'a, ta ce ya ci gaba, Allah Ya tsare. Sannan ta juyo ta kamo hannuna ta haɗa da nasa.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata, da ba ki ɓoye mini ba." Ta kama sandarta ta miƙe da ƙyar. "Kai kuma ka tambayo mini likitan nan... ko gwiwar nan tawa ma tana da nata ƙarfen."

Izzuddeen ya ƙyalƙyale da dariya, har masu sayar da rake a tsallaken titi suka waiwayo.