Mai Ɗinki a Bayan Ƙofa

Kwana tara da rasuwar mijinta, Mai Ɗinki tana durƙushe a tsakiyar falon gidan surukanta, babu wanda ya miƙo mata ko tabarma. Yaya Babba, wan marigayin, mai shagon kayan gini kuma shugaban 'yan kasuwar unguwa, shi ne ya tara dangi da maƙwabta da hantsi, ya tsaya a kanta riƙe da katinta na asibiti da bakin yatsu biyu, kamar wanda ya ɗauko mushen ɓera. Matarsa ce ta zaƙulo katin daga ƙarƙashin katifa ranar da ta shiga ɗakin wai za ta taya ta shara.

"Ku buɗe kunnuwanku da kyau," in ji shi. "Ƙanina ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba, ƙanjamau ne. Ga wadda ta kwaso mana shi har cikin gida."

Nan take matan da ke kusa da ita suka janye zannuwansu. Mai Ɗinki ta ɗago ido jawur. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Wallahi ban taɓa sanin wani namiji ba sai ƙaninka. A asibitin da aka kwantar da shi aka gwada ni, ranar na fara jin maganar nan..."

"Rufe mana baki. Wa za a kama ya ce e?"

Ta waiwaya wajen Inna, mahaifiyar mijinta, wadda shekara bakwai tana yi mata wanki da tausar ƙafa. Inna tana can kusurwa, kai a sunkuye, tana jan carbi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai matar Yaya ta zo ta kama hannun 'Yar Baba, yarinyar da Mai Ɗinki ta haifa, mai shekara shida. An gwada yarinyar, Allah ya tsare ta, lafiyarta ƙalau, kuma wannan ne Yaya ya kafa hujja da shi: tunda ta tsira, ba za a bar ta kusa da uwar ba. Yarinyar ta ƙanƙame mayafin uwarta tana kiran "Umma, Umma", aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

A ranar aka kwashe kayanta daga ɗakin aurenta aka zuba a ɗakin ajiya na bayan gida, inda Yaya ke tara buhunan siminti. Ɗaki ne mai taga ɗaya can sama, ƙura na shaƙe mutum. Aka ware mata kwano da kofi, da ƙafa ake turo mata abinci a ja ƙofa. Idan ta ɗebi ruwa a famfo, sai matar Yaya ta bi bayanta da omo da ruwan zafi tana wanke kan famfon, tana waƙar habaici. Mai Ɗinki ta yi ta faɗa musu abin da likita ya ce, cewa ba a ɗaukar cutar a kofi ko a musafaha, kuma wanda ya riƙe magani zai rayu kamar kowa. Wa zai saurare ta? Wata rana da safe ta dawo daga wanka ta tarar da robar maganinta a kwata, ƙwayoyin sun narke.

"Me za ki yi da su?" in ji matar Yaya tana dariya. "Mai kwana ɗaya a duniya yana ɓata magani?"

Da ƙafa ta taka har asibiti cikin rana ta roƙi wani.

Shagonta na bakin titi ma bai tsira ba. Cikin mako guda masu ɗinki suka karɓe kayansu, wasu da sanda suka ɗauka. Mai Kitso, aminiyarta, wadda suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suna yi wa maza ba'a, ita ce ta tsaya a bakin titi ta zuba wa atamfar da ta ba ta ɗinki kalanzir ta cinna wuta, don kowa ya shaida ba ta tare da ita. Wanda ya ba ta hayar shagon ya canza kwaɗo. Amma duk wannan bai kai mata ranar da 'Yar Baba ta saci jiki ta zo ta zura yatsu ta ƙarƙashin ƙofar da aka kulle ba. Ba su fi minti guda riƙe da yatsun juna ba Yaya ya fito. Da wayar wuta ya zane yarinyar a tsakar gida, uwar na ji ta bango, tana dukan ƙofa tana cewa, "Ni ka daka, Yaya, don Allah ni ka daka..." Da ta tuna yarinyar na jin ta, sai ta cusa mayafi a baki. Da Yaya ya gama ya buɗe ƙofar, ya jefo mata kan kekenta na ɗinki waje, ya ce idan ya sake ganin ƙafarta a layin sai ya sa an kama ta.

Marainiya ce, ba uwa ba uba. Ta nufi gidan kawunta da kan keke a ka. Ta taga ya yi mata magana, ya ce yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, ta rufa masa asiri ta ƙara gaba. Ta tsaya a ƙofar gidan da ta tashi a ciki, hawaye na bin kumatunta, ta ɗaga kai sama. "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ban roƙe Ka Ka saka mini da sharrin kowa ba, Ka wanke ni kawai kafin in mutu, don 'yata ta ɗaga kai cikin mutane."

Wata nas da ke ba ta magani ce ta samo mata lungu a ƙarƙashin benen wani kanti kusa da asibiti. Nan ta kafa keke tana facin kayan 'yan dako da waɗanda ba su san ta ba. Haka ta yi wata takwas. Kowace safiya takan laɓe bayan wata bishiya daura da makarantar 'Yar Baba, ta hango ta ta shiga, ta ga yadda ta rame, gashinta ya cukurkuɗe, sannan ta dawo ta hau keke tana ɗinki tana share ido da bayan hannu.

Rannan wata mata mai tabarau ta tsaya da doguwar riga da ta yage a hannu. Mai shirya fim ce, ma'aikatanta na kiran ta Darakta, suna ɗaukar wani shiri a bayan kantin. Mai Ɗinki ba ta karɓi rigar ba. "Baiwar Allah, kafin ki ba ni, gara ki sani. Ina da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Kada daga baya ki ji a bakin wani ki ce na cuce ki."

"To, ita cutar ce za ta ɗinka rigar ko ke?" in ji Darakta, ta ja benci ta zauna har kafaɗarsu na gogar juna. Mai Ɗinki ta sa allura ta kasa ganin zare. Rabon da wani ya zauna kusa da ita haka har ta manta.

Darakta ta yi ta dawowa, yau da aiki, gobe da hira, har ta ji labarin duka. Da ta ce tana son mayar da shi fim, Mai Ɗinki ta ƙi. "An tona ni a falo, ke kuma za ki tona ni a duniya?"

"'Yar uwa, kowa ya ji labarinki a bakin Yayanku. A bakinki fa, wa ya ji? Ba zan sa sunanki ba, ba zan sa fuskarki ba. So nake mutane su zauna awa ɗaya a inda kika zauna."

Sai da ta yi mako tana tunani kafin ta yarda. Ita ta ɗinka kayan 'yan wasan duka. Ranar da ake ɗaukar wurin dukan yarinya, jarumar ta riƙa ihu tana birgima, Mai Ɗinki ta taso daga kan keke ta ce, "Ba haka ake yi ba. Idan kin san 'yarki na jin ki, mayafi kike cusawa a baki, don kada kukanki ya ƙara mata nata." Aka sake ɗauka yadda ta ce. Mai kyamara sai da ya juya baya ya goge fuska.

Wata Asabar da la'asar aka nuna fim ɗin kyauta a babban zauren makarantar unguwarsu, aka rufe tagogi da labule. Zauren ya cika, yawanci gulma ce ta kawo su. Yaya Babba ya ji labari, ya zo da niyyar tashin taron, har da Inna ya taho da ita don ta zama shaidarsa cewa an yi wa gidansu ƙazafi. Mai Ɗinki na can baya cikin ma'aikata, ta rufe fuska.

Da farko ana ta shewa da dariya. Amma da aka kai inda aka tura matar cikin ɗakin siminti aka ja ƙofa, kyamarar ba ta bi mutanen gida waje ba, ta tsaya ciki tare da ita. Zauren ya yi duhu irin na ɗakin. Suka ji takun sawu yana nisa, suka ji dariyar tsakar gida yadda take isowa ta bango, suka ga kwano ya shigo da turin ƙafa, suka ga matar ta tsince ƙurar siminti daga abinci ta ce bismillah. Dariya ta mutu. Da ƙananan yatsu suka leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, wata tsohuwa ta yi salati. Mai Kitso ta ga wata ta cinna wa atamfa wuta a majigi, ta ga fuskar wadda aka yi wa, fuskar da a ranar ba ta tsaya ta duba ba, ta sa kai a cinya tana kuka kamar ranta zai fita.

Ana kunna fitila Yaya ya miƙe yana kumfar baki, ga tabarmar kunya ga hauka. "Ƙarya ce aka shirya. Macen banza ce ta kashe mini ƙane, ga mahaifiyarmu nan, ku tambaye ta. Inna, faɗa musu."

Inna ta dafa sanda ta miƙe a hankali. Fuskarta sharkaf da hawaye. "Zan faɗa," in ji ta. "Shekara guda kafin auren nan ɗana ya kwanta ciwo. Kai ka kai shi asibiti, kai likita ya faɗa wa. Ka yaga takardar a gabana, ka ce sunan gidanmu zai ɓaci, kasuwarka ta mutu. Ka hana shi karɓar magani, ka ce a yi masa aure da wuri bakin mutane ya rufu, a samo marainiya wadda ba ta da mai tambaya. Ni kuma na yi shiru, don kai ke ciyar da ni. Ina jin kukan yarinyar nan daga ɗakina ina toshe kunne. Yau an sa ni a cikin ɗakin, na rasa inda zan toshe... 'Yar nan, in kina cikin zauren nan, ki yafe mini kafin in haɗu da Ubangijina."

Mai Ɗinki ta yaye mayafi. Ashe shi ma mijin ya sani, mutumin da ta yi jinya wata huɗu tana ba shi abinci a baki. Wankewar da ta roƙa ta zo, da wata sabuwar wuƙa a ciki. Mai Kitso ce ta fara isowa ta tare ta, ta rungume ta a gaban kowa. Yaya ya nemi ƙofa, mutane suka dare masa hanya, kowa na janye rigarsa kada ta taɓa shi.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kafin magariba Inna da kanta ta riƙo hannun 'Yar Baba ta kawo wa uwarta. Da shaidar Inna alƙali ya tabbatar mata da riƙon 'yarta da rabon mijinta na gidan, ya ɗaure Yaya wata shida saboda tabon da aka gani a bayan yarinyar. Da ya fito ya tarar 'yan kasuwa sun sauke shi daga shugabancinsu, magina sun koma wani shago, matarsa ta kwashe kaya ta tafi, tana cewa ita ma yaudararta aka yi. Ya koma zama shi kaɗai a bakin shago yana korar ƙuda. Inna ta ƙarasa kwanakinta a hannun Mai Ɗinki, wadda ta yafe mata tun a zauren. Mijin kuwa sai da ta yi shekara kafin ta iya sa shi a addu'a ba tare da ƙirjinta ya yi zafi ba.

Jikinta ya murmure, ta buɗe sabon shago, ya cika har ta ɗauki mata uku suna koyo. Duk inda Darakta ta kai fim ɗin, takan bi ta, bayan an gama ta tsaya gaban jama'a ba rufin fuska ta ce, "Ni ce. Ku dube ni da kyau, ina nan da raina."

A wani gari mai nisa, bayan zaure ya watse, wani dattijo ya rage shi kaɗai yana murza hula a hannu. Ya matso kamar mai tsoron inuwarsa.

"'Yata, akwai ƙanwata a gida... wata biyar ke nan da muka ware ta. Ni na sa aka yi. Yanzu ban san da wane ido zan shiga wurinta ba."

Mai Ɗinki ta ɗauki jakarta ta rataya. "Baba, gidan da nisa?"

"A'a, bayan kasuwa ne."

"To mu je. Kai za ka fara yin sallama, ni ina bayanka."