Manomin da Ya Tsoma Ƙafa a Tafki

A can wani zamani, kurkunu ya fito wa wani manomi a ƙafa. Masu binciken cuta suka ce, "Baba, kada ka tsoma ƙafar nan a tafki, tsutsar za ta zuba 'ya'yanta a ruwan shanku."

Ƙafa kuwa zafi kamar garwashi. Ya daure, ya daure. Ran nan ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa, sai ya tsoma. Wayyo sanyi!

Da shekara ta zagayo, sai ga kurkunu a ƙafar autarsa Talatu. Tana kuka tana cewa, "Baba, wa ya ɓata mana ruwa?"

Ya ci gaba da yi mata fifita, hawaye na zubo masa.