Waƙar Daka a Rediyon Atiku

Ranar da Attahiru ya fara ganin Asma'u, taɓarya ce a hannunta, tana ba da waƙa, mata uku suna amsa mata.

A Kebbe ne, a tsakar gidan gwaggonsa Dada, bayan an gama yankan gero, shekara uku da samun 'yancin kai. Attahiru ɗan Tambuwal ne, malamin makaranta, yana cikin 'yan tsirarun da suka je Ibadan suka dawo da digiri. Amma tun yana yaro kiɗa ne a ransa. Gwamnatin Jihar Arewa ta amince ta tura shi Ingila karatun gaba da digiri a kan kiɗan zamani, makarantar kuma ta ce ya zo da waƙoƙin ƙasarsu. Shi ya sa yake bin garuruwa da akwatin ɗaukar murya.

Ya tsaya daga bakin zaure ya kunna. Ba su gan shi ba sai da waƙar ta ƙare.

Asma'u ta jingine taɓarya. "Malam, mi kaka yi da wanga akwati?"

"Waƙarki nika ɗauka."

"Ɗauka? Wa ya ba ka?"

Sai ya murɗa wani maɓalli. Muryarta ta fito tar, har da ƙarar turmi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, Dada kuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Ashe akwai kanari a Kebbe," in ji Attahiru a hankali.

Ta leƙo ta gefen mayafin. "Mata nawa ka ɗauki muryarsu kafin ni?"

"Goma sha fuɗu, daga Tambuwal zuwa Sanyinna."

"To, ka koma can ka nemi kanarinka." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fice.

Dada ce ta gaya masa ko wace ce. Ɗiyar Malam Namadi mai shanu ce, ta yi makarantar 'yan mata a Sakkwato, yanzu ita ke koya wa matan Kebbe karatu a ajin yaƙi da jahilci. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa.

Daga ranar Attahiru ya zama mai yawan gaida gwaggonsa. Duk Asabar zai hau keke daga Tambuwal, ya iso gumi sharkaf. Su zauna a zauren Dada, ita tana gefe tana kaɗin auduga. Yana kiranta Kanarina, ita kuma tun tana cewa Malam har ta koma Malamina.

Ya bayyana mata karatun da za shi yi: yadda ake rubuta kiɗa a takarda kamar yadda ake rubuta magana, da yadda za a haɗa goge da kalangu da fiyano da ƙahon Turawa, su tafi tare babu mai danne wani.

"Akwai mata a makarantar?" ta tambaya.

"Akwai."

"Suna waƙa?"

"Kanarina, karatu za ni."

"Na ji. Suna waƙa?"

Kafin tafiyar, ya tura baffansa Ɗangiwa wajen Malam Namadi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ban ƙi yaron ba, na san gidansu. Amma an kai shi Ibadan ya yi karatu, yanzu kuma zai ƙetare teku koyon kiɗa? Mu ba mu gaji roƙo ba. Ba ni yi wa Asma'u dole ga kowa, amma ba ni ba makaɗi ɗiyata."

Asma'u ta yi kuka kwana biyu. Ranar sallama ta ce masa, "Ka tafi, Malamina. Ina nan. Baba mutum ne mai tauri, amma ba dutse ba ne."

Ya tafi da niyyar wata goma sha takwas.

Wasiƙa kan yi mako uku kafin ta iso. Ta farko ta ce:

"Kanarina, na sauka lafiya. Sanyin nan ba shi da kunya. Mu goma sha ɗaya ne a aji, kowa da digirinsa, kowa daga ƙasarsa. Na kunna musu waƙoƙinmu, malaminmu ya ce in maimaita taki sau uku. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don ba na son kowa ya ji muryarki sai ni. Ki gaida Gwaggo. Naki, Attahiru."

Ta karanta ta har takardar ta yi laushi.

A cikin wannan tsakani ne aka turo sabon malamin dabbobi Kebbe, sunansa Atiku. Dogo ne, mai fara'a, yana da babur ja. Ya yi wa shanun Malam Namadi allura, ya ceci wata saniya da ta kusa mutuwa wajen haihuwa, daga nan ya zama ɗan gida. Da ya ga Asma'u sai ziyara ta ƙaru. Ranar Sallah ƙarama ya kawo wa tsohon kyautar rediyo mai batir, kowa kuma ya san ba don tsohon kaɗai ba ne.

Asma'u ta gaya masa gaskiya: akwai wanda take jira.

Atiku ya yi murmushi. "Wanda ya tafi Ingila? Allah Ya dawo da shi lafiya. Ni dai ina nan kusa."

Wata Juma'a da la'asar, Malam Namadi yana zaune a tsakar gida da rediyon, Asma'u tana tsince shinkafa, sai mai gabatar da shiri daga Landan ya ce za a saka aikin wani ɗalibi ɗan Arewa, Attahiru Tambuwal. Ta saki faifan ta matso.

Goge ya fara, fiyano ya bi shi. Can sai muryar mace ta shigo, siririya, mai zaƙi, tana rera waƙar dakan nan. Baiti bayan baiti, babu abin da aka rage. Amma ba muryar Asma'u ba ce.

"Wadda ta rera ita ce Malama Rabi'atu," in ji mai shirin. "Asalin waƙar kuwa ta marigayiya Hadijatu ce ta Kebbe."

Hadijatu ita ce mahaifiyar Asma'u. A bayanta ta koyi waƙar tana goye.

Malam Namadi ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya nufi garke. Asma'u kuwa ta shiga ɗaki, ta ɗauko alƙalami.

"Malam Attahiru, na ji aikinka a rediyo. Barka. Ashe ka sami kanarin Landan. Kai ne ka ce ba ka son kowa ya ji muryata, ban san nufinka ka cire ta ka sa ta wata ba. Waƙar uwata ce. Ka ɗauka ba ka tambaya ba na ƙyale ka don kai ne. Yanzu ka ba Rabi'atu. Sau nawa kuka zauna kana koya mata? Da wane suna kake kiranta? Kada ka wahalar da kanka da amsa. Asma'u."

Amsar ta zo duk da haka, rubutun a karkace don sauri:

"Asma'u, na ga babu Malamina a wasiƙarki. Zan yi miki bayanin Rabi'atu. Amma tukuna, a wane rediyo kika ji? Na bar gidanku babu rediyo. An rubuto mini cewa wani mai babur ya zama ɗan gida, har an san kwanon cin abincinsa. Ina nan ina kwana da sanyi da littattafai, ashe can ana sauraron waƙata a akwatin wani. Ki gaya mini in na makara. Attahiru."

Ta karanta, ta ga babu bayanin da ya ce zai yi. Ta ninke takardar ta cusa ƙarƙashin tabarma. Ba ta sake rubutawa ba, shi ma bai sake ba.

Wata biyar aka yi haka. Ta rame, har matan ajinta suka fara tambaya. Duk ranar da motar wasiƙu ta zo sai ta ce ba ta damu ba, kuma sai ta sami dalilin bi ta wajen. Shi ma can, ya ci jarrabawarsa da yabo, amma ya rasa wanda zai gaya wa.

Ya dawo ana tsakiyar damina. Kwana ɗaya ya yi a Tambuwal, washegari ya kama hanyar Kebbe cikin laka. Yana shan kwanar gidan Malam Namadi ya hangi babur ja a jingine a ƙofa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya juya keken ya nufi gidan Dada.

"Na makara, Gwaggo," ya ce, ko zama bai yi ba.

Dada ta dube shi sama da ƙasa. "Digiri biyu, hankali babu ko rabi. Wa yac ce maka ka makara? Yarinya tana ta ƙin mai babur, tana ta rama, kai kana can kana fushi da akwatin rediyo. Zauna nan."

Ta sa mayafinta ta fita da kanta. Ba a jima ba ta dawo da Asma'u.

Asma'u ta tsaya bakin ƙofa, ba ta dube shi ba. "Sannu da zuwa, Malam. Ina ka baro kanarin Landan?"

"Na ga baburinsa a ƙofarku."

"Ya zo duba maraƙi ne. Ni na tambaye ka farko."

Ya ciro hoto daga aljihu ya miƙa mata. Mace ce mai ƙiba da gilashi, tana zaune tsakanin wani dattijo da yara uku.

"Rabi'atu ke nan, da mijinta da ɗiyanta. 'Yar Zariya ce, karatun unguwarzoma take yi. Makaranta ta ce dole a rera waƙar a gaban malamai tare da makaɗa, akwati ba ya bin kiɗa. Na nemi mai jin Hausa, ita kaɗai na samu. Yaya Rabi'atu nika kiranta, don ta girme ni."

Asma'u ta daɗe tana kallon hoton. "Muryarta ba ta yi kama da jikinta ba."

Dada ta tuntsire da dariya. Asma'u ba ta yi ba.

"Mi ya hana ka rubuto wannan tun farko?"

"Kishi," ya ce. "Na ji zancen rediyo, idona ya rufe."

"Ko da tsohuwa ce ta rera, Malam, ka yi laifi. Waƙar uwata ba taka ba ce da za ka bayar."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne. Na zaci in na sa sunanta ya isa. Ya kamata in tambaye ki, in tambayi Baba. Ki yafe mini, Kanarina."

Hawaye suka zubo mata. Can ta ce, "Na ce da Atiku sau uku ina jiran wani. Na uku ma ban san ko wanin yana sona ba."

"Yana sonki har ya zama wawa."

"Wannan kam na shaida, Malamina."

Saura tsoho. Attahiru bai aika kowa ba a wannan karo. Ya je da kansa, ya same shi a garke, ya durƙusa cikin taɓo ya nemi gafarar ɗaukar waƙar iyalinsa ba da izini ba.

Malam Namadi ya jima yana shafa wuyan wani bajimi.

"Shekara goma sha biyu tun da Hadijatu ta rasu," ya ce. "Asma'u ba ta yin wagga waƙa in ina gida, don kada raina ya ɓaci. Sai ga ta daga Landan, da sunan mai ita. Ka cika ta da ƙahon Turawa, amma ba ka karya ta ba." Ya juyo. "Gaya mini, za ka riƙa tsayawa ƙofar masu kuɗi kana yi musu kirari?"

"A'a, Baba. An ba ni aikin koyarwa a kwalejin horon malamai. Zan koyar, in rubuta waƙoƙinmu a takarda don kada su bi masu su kabari."

"To, wanga malanta ce. Tashi, ka ɓata wandonka. Ka ce wa Ɗangiwa ya dawo."

Da labari ya kai ga Atiku, ya zo ya miƙa wa Attahiru hannu. "Ka riga ni, Malam. Ka riƙe ta da kyau, don ina nan kusa." Suka yi dariya, ko da yake ta Attahiru ba ta kai ciki ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Namadi. Mutanen Tambuwal suka cika mota guda, na Sanyinna suka zo a ƙasa da jakuna. Matan ajin yaƙi da jahilci suka haɗu suka rubuta wa amarya takardar fatan alheri, kowace da hannunta, layukan suna hawa da sauka.

Da za a tafi da ita, tsohon ya kira su biyu zaure. Ya ba Asma'u karsana, ya dubi Attahiru, sannan ya dube ta.

"Na lura da ku. Kowanenku yana da kishin da zai ƙona rumbu. Ku riƙa tambaya kafin ku yi fushi. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," suka ce.

A cikin mota, ta matso kusa da shi, mayafi a fuska, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malamina, kwalejin nan da za ka koyar, akwai mata?"

"Maza ne zalla, Kanarina."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Direba, mu tafi."