Kantar Hannun Mannir

Duk faɗin Bungudu, in ana maganar shirya yaro ya ci intabiyu, to a tsaya a kaina, ni Gambo. Ɗan ƙanwata Mannir, ni na sama masa aiki, ni na sama masa mata.

A casa'in da takwas ne. Yaron ya gama jami'a da bautar ƙasa, ya dawo gida yana noma. Shekara biyu yana neman Maijidda, ɗiyar Alhaji Labbo. Wata Juma'a da hantsi Alhaji ya kira shi zaure.

"Mannir, ba ƙinka nika yi ba. Amma digiri da hauya? In damina ta faɗi ba ka da aiki, ka bar zuwa ƙofar gidan ga."

Maijidda na bayan ƙyaure, ta sha kuka har idonta ya kumbura.

Ana haka sai abokin yaron ya aiko daga jami'a: an manna takarda, wani kamfanin masu ba da shawara na Kaduna zai yi intabiyu a Gusau, mutum ɗaya za a ɗauka. Na zaunar da Mannir, na ara masa kwat ɗina.

"Kada ka kuskura ka ce kai manomi ne. Hannun nan mai kanta, cusa shi aljihu. In an tambayi sana'ar babanka — ɗan kwangila!"

Da ya gaya wa Maijidda, sai ta ɓata rai.

"Haba Mannir! Wannan sitayil ɗin bai yi ba. In da ƙarya za ka same ni, gara in jira shekara goma."

Ranar intabiyun, mutum arba'in suka hallara, kowa da kalkuleta. Ni kuwa na laɓe jikin taga, ina jin komai. Shugaban kamfanin, wani mai furfura, ya dubi Mannir.

"Wani ɗan kasuwa zai kai takin zamani buhu dubu goma Kwatarkwashi da Kekun Waje. Zai sayar da su duka?"

Sai Mannir ya manta da ni, ya zaro hannu yana nuni.

"Ranka ya daɗe, ko rabi ba zai sayar ba. Da rani Fulani kan sauka gonakinmu, shanu su ci kara su bar mana taki, mu ba su hatsi. Gonar da shanu suka kwana, buhu kaɗan ya ishe ta."

"Gonakinku? Mu ga hannunka."

Na ce shi ke nan, ya kashe mu! Mutumin ya shafa kantar, ya yi murmushi.

"Tun safe nake jin lissafi. Yanzu na ji manomi. Ka zo Litinin."

Alhaji Labbo da ya ji, kunya ta kama shi, don shi ma hauya ta raine shi. Kafin ruwan farko aka ɗaura aure. Kun ga, yara, haƙuri da gaskiya ba sa barin mai su a rana, kuma kada mutum ya ɓoye abin da ya ci da shi. Dama abin da na tsara ke nan tun farko.

Jiya ina ba da labarin a tsakar gida, Maijidda tana tankaɗe, sai ta ɗago kai.

"Kawu, wace tagar ka laɓe? Ofis ɗin fa a saman bene yake."