Tabon Shuɗi A Jikin Sakata

Mutanen wannan labari huɗu ne: Sufeto, da Mai Awo, da surukinsa Mai Sito, sai mai gurzar rogo da ake kira Dogo.

Da rana tsaka aka tarar da Mai Awo a sume cikin ɗakin busar da sitaci na kamfani, an danna masa sakata ta waje, iska mai zafi tana gasa shi. Da aka wuce da shi asibiti, Sufeto ya sa aka garƙame ƙofar kamfanin, ba shiga ba fita.

Garin sitaci ya lulluɓe komai fari fat, har sakatar. A jikinta kuwa ga tabon babban yatsa, shuɗi mai duhu, zanen fatarsa raɗau.

Sufeto ya ce, "Aidin, maganin da ake sa wa ciwo, shi ke mai da sitaci shuɗi haka. Wa ya ji ciwo yau?"

Idanu suka koma kan Dogo, wanda injin gurza ya yanka a babban yatsa da safe.

Mai Sito ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya ma sun yi cacar baki da Mai Awo. Bakin Dogo ya fi ƙafarsa tsawo."

Dogo ya manne da bango, gumi yana dama garin da ke fuskarsa. "Yallaɓai, faɗa dai mun yi, amma kisa? Ina ni ina!"

Sufeto ya sa shi ya danna yatsan a jikin buhu. Tabo ya fito dunƙule, babu zane, domin bandeji ya rufe fatar.

"Wa ya ɗaure maka ciwon?"

"Mai Sito. Akwatin magani a wurinsa yake."

Sufeto ya juya ga Mai Sito ya ce, "Malam, hannun nan ya daɗe a aljihu. Fito da shi ya sha iska."

Yatsan Mai Sito yana jiƙe da gumi, da sauran jan aidin. Aka danna shi a buhu, sai ga shuɗi da zanensa.

Ya durƙusa ya ce alli yake cuɗawa cikin sitacin. Surukinsa Mai Awo ya zuba wa garin wani buhu tafasasshen ruwa, ya ga ya ƙi yin kauri, ya rantse zai tona, shi ne ya danna masa sakata.

Sufeto ya ce, "Mai ciwo yatsansa a rufe yake. Mai sa magani ne nasa ke tsirara."

Aka buɗe ƙofa, kowa ya fita da ƙafarsa, ban da mutum ɗaya.

Da girma na koyi rubutu. Wanda ya ga kuskure, ya taimaka ya gyara.